Kafin Ka Ɗaure Kaya, Tambayi Ranar Hutu da Ranar Dawowa

Jama'ar Gure da kewaye, na Muniyo da na Kutus, mutanen Kelle, Gidigir, Bune da Subdu, da 'yan uwanmu makiyaya da ke can daji wajen Taskar da rediyo rataye a kafaɗa, barkanmu da wannan lokaci, barkanmu da sake haɗuwa a shirinmu na faɗakarwa.

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, mai yawa da mai kaɗan kowa ya san abin da ya samu. Yanzu ne lokacin da tasha ke cika. Wani ya nufi Damagaram daga can ya hau ta Agadas, wani ya gangara kudu ta Nguru ko Gashuwa, wata kuma tana jiran ejan ya kira ta a ce bizarta ta fito. Duk inda aka zauna ana shawarar tafiya, tambaya ɗaya ce ke yawo a bakin kowa: nawa ake samu a wata? Da wuya ka ji wanda ya ce awa nawa ake aiki a yini, ko wace rana ake hutawa, ko bayan wata nawa mutum zai iya zuwa ya ga iyalinsa kuma wa zai biya kuɗin hanya. Waɗannan tambayoyi da ba a yi su ne za mu zauna a kansu yau, domin na ga sun rusa gidaje fiye da yadda ƙarancin albashi ya rusa.

Ci-ranin da iyayenmu suka sani yana tafe da ranar dawowarsa. Mutum ya gama girbi, ya tafi Kano ko Maiduguri ya yi ga-ruwa, ko gadi, ko dako, da zarar ya ga hadari ya fara haɗowa a gabas sai ya ɗaure ƙunshinsa. Ba wanda ya rubuta masa hutu, gona ce ke kiransa. Wata biyar ko shida a waje, sauran a gida, yara sun san fuskar ubansu, mata ta san lokacin da za ta fara sa ido a hanya. Tafiyar yanzu ta canza. Kuɗin mota zuwa Sabha kaɗai ya isa a sayar da akuya da tunkiya, wani har gona yake jinginarwa. Wanda ya kashe wannan dukiya ya ƙetare hamada ba zai juyo bayan wata biyar ba. Sai shekara biyu, sai uku, sai ka ji an ce wane rabonsa da gida shekara bakwai. Tunda damina ta daina mayar da mutane gida, dole wani abu ya tsaya a madadinta, kuma abin nan shi ne sharaɗin da aka ƙulla kafin a fara aiki.

Mu fara da namu na gida, don mutum ya san ma'aunin da zai auna na waje da shi. Dokar ƙwadago ta Nijar, wadda aka sa wa hannu ranar 25 ga Satumba 2012, ta ce ma'aikaci yana tara kwana biyu da rabi na hutu a kowane watan da ya yi aiki. A shekara kwana 30 ke nan, kuma albashinsa na tafiya kamar yana bakin aiki. Shi ne abin da ma'aikatan bariki ke kira konje. Dokar ta tsaida aikin mako a kan awa 40, ta wajabta hutun yini guda cur a kowane mako, ta ba mai juna biyu mako 14.

Ku saurari wannan lissafi da kyau, don shi ne zuciyar maganar. A ce kana aiki a wani kamfani ana biyanka jika 150 a wata, ka yi wata takwas, sai aikin ya ƙare ba ka taɓa hutu ba. Kwana biyu da rabi sau takwas, kwana 20. Kowane yini naka jika biyar ne. To kana bin kamfanin jika 100, ban da albashinka na ƙarshe. Wanda bai san haka ba zai karɓi albashin wata, ya yi godiya, ya bar jika 100 a aljihun wani. Hutun ma'aikaci wani yanki ne na ladan guminsa, kuma wanda ya hana shi ya ci haƙƙi kamar wanda ya rage awo.

Wannan haƙƙi bai daɗe a duniya ba, kuma da gwagwarmaya aka same shi. A Faransa sai a 1936, bayan yajin aikin da ya tsaida masana'antun ƙasar, gwamnatin Léon Blum ta ba ma'aikata mako biyu. Ya zama mako uku a 1956, huɗu a 1969, biyar a 1982. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta tsaida mafi ƙaranci a kan mako uku a wata yarjejeniya ta 1970. Amma kada ku ɗauka duk ƙasar da ta fi kuɗi ta fi ba da hutu. Amurka, da duk arzikinta, ba ta da dokar tarayya da ta tilasta wa mai kamfani ya biya ma'aikaci ko kwana ɗaya na hutun shekara. Abin da kuka daidaita da shi, shi ke nan. Ɗalibanmu da masu ilimin da ke hangen can, ku riƙe wannan.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Masu saurare, kuna tare da shirin faɗakarwa, muna magana a kan hutu da haƙƙin mai tafiya aiki waje.

Nijeriya ce mafi kusa da mu, kuma a can dokar ƙwadago ta ce wanda ya cika wata 12 yana aiki yana da aƙalla kwana shida na aiki a matsayin hutu da albashi. Kwana shida kacal, inda tamu ta ce 30. Manyan kamfanoni da gwamnati suna ba da fiye da haka, amma yawancin 'yan uwanmu da ke Legas ko Abuja gadi suke yi a ƙofar gidan wani, babu takarda, babu rana, babu dare. Mai gadi ya ce zai je gida, sai a ce ya kawo wanda zai tsaya masa, kuma daga albashinsa zai biya shi. Ga faɗuwar naira tun 2023, abin da mutum ke tarawa a da a wata shida yanzu idan ya canza shi zuwa sefa bai kai ya fuskanci gida da shi ba, sai ya ƙara zama.

Libiya da Aljeriya kuwa, idan ka karanta dokokinsu sai ka yi sha'awa. Dokar aiki ta Libiya ta 2010 ta ba ma'aikaci kwana 30 a shekara, wanda ya kai shekara 50 da haihuwa ko ya yi shekara 20 yana aiki a ba shi 45. Ta Aljeriya ta 1990 ita ma kwana 30 ce, har ta ƙara aƙalla kwana goma ga masu aiki a jihohin kudu saboda tsananin yankin. To amma wa waɗannan dokoki ke karewa a zahiri? Wanda ya shiga da izinin aiki, aka rubuta sunansa. Ɗan Gure da ya bi ta Dirku da Madama a bayan Hilux, ya sauka Gatrun ko Sabha ba tambari a fasfonsa, idan ma yana da fasfon, ba ya cikin lissafi. Da asuba zai je ya tsuguna a mahaɗar hanya da cebur ko guduma a gabansa, mota ta tsaya, a ɗebi mutum uku, a kai su gini ko gona. Ranar da ya samu aiki ya ci, ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi ba ko sisi. Wanda ya samu aikin wata a garka ko wajen kiwon tumaki, sau da yawa a cikin garkar yake kwana, Juma'a da Asabar duk ɗaya ne a wurinsa. In uban gida ya hana shi kuɗin wata uku, ina zai kai ƙara, alhali dokar ƙasar ta ɗauki shigarsa kanta a matsayin laifi?

Mun ga abin da hakan ke haifarwa. A 2011, da yaƙi ya ɓarke a Libiya, dubban 'yan Nijar suka dawo, kuma wannan yanki namu yana cikin waɗanda suka fi karɓar su. Da yawa sun baro albashin watanni a hannun iyayen gidansu, babu takardar da za su nuna. A Oktoban 2013 mutum 92, galibinsu mata da yara daga yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su a hamada kan hanyar Aljeriya. Har gobe ana sauke waɗanda aka koro daga Aljeriya a bakin iyaka su taka ƙasa kilomita 15 zuwa Asamaka, wani da kayan aikin da aka kama shi da su a jikinsa. A ƙarshen Nuwamban 2021 Nijar da Libiya sun sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar tsara zirga-zirgar ma'aikata, kuma abin so ne a ga amfaninta ya iso har ƙauyukanmu. Ni dai ba zan ce wa kowa kada ya tafi ba. Wanda rairayi ya binne masa kwari, dabinonsa ya mutu, rumbunsa bai kai shi watan bakwai ba, ba mai zama a ɗakin watsa shiri ne zai hana shi neman abinci ba. Abin da nake roƙo shi ne ya tafi da ido buɗe, ya san a can babu mai ba shi hutu sai shi da kansa, kuma kada ya bar kuɗinsa su taru a hannun kowa. Karɓi naka duk mako ko duk wata, ka aiko gida.

Yanzu Saudiyya, inda ya kamata mu daɗe, don can ne ake tafiya da takarda, kuma can ne takardar ke iya ceton mutum ko ta ɗaure shi.

Ma'aikacin kamfani, ko shago, ko asibiti, dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ba shi kwana 21 a shekara da albashi, idan ya cika shekara biyar a jere wurin mutum ɗaya ya koma kwana 30. Aiki awa takwas ne a yini, 48 a mako, a watan azumi a rage wa musulmi zuwa awa shida. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana sa mutum aiki a rana tsakanin ƙarfe 12 da ƙarfe uku. Akwai ma hutun aikin hajji, kwana 10 zuwa 15, sau ɗaya, ga wanda ya cika shekara biyu kuma bai taɓa sauke farali ba. Kuɗin iƙama, wato takardar izinin zama, da tikitin komawa gida idan aiki ya ƙare, a wuyan mai ɗaukar aiki suke. Amma tikitin zuwa hutu duk shekara, doka ba ta wajabta shi ba. In ba a rubuta shi a kwantiragi ba, kwana 21 ɗinka a ɗaki za ka yi su, ko ka sayi tikiti da kuɗin da ka yi wata da watanni kana tarawa.

Sai dai mafi yawan namu ba a ƙarƙashin wannan doka suke ba. Masu aikin gida, direbobin gida, masu gadin gida, masu kiwo da masu aikin gona na mutum ɗaya, an ware su daban. Ko sassaucin da aka yi a Maris na 2021, wanda ya ba ma'aikaci damar neman bizar fita da dawowa da kansa, bai haɗa da su ba. Ku duba fa, kiwo da noma su ne sana'ar da ɗan wannan yanki ya fi iyawa, kuma su ne aka bari a baya. Ita mai aikin gida, ƙa'idar da ta shafe ta ta ba ta yini guda na hutu a mako, da hutun wata ɗaya da albashi bayan shekara biyu, da har kwana 30 na jinya in likita ya ba da takarda. Shekara biyu ke nan kafin ta ga 'ya'yanta.

Iyayena mata, ƙannena, ku tambayi waɗanda suka dawo yadda yini yake a can. Ta tashi kafin asuba ta haɗa karin kumallon 'yan makaranta, ta wanke banɗaki huɗu ko biyar, ta share bene hawa biyu, ta yi wanki da guga, ta ɗora abincin rana, ta yi reno. Mutanen gidan ba sa kwanciya da wuri, baƙi su zo bayan isha'i, a ce a kawo gahawa da dabino, sai ƙarfe ɗaya na dare ta kai haƙarƙarinta ƙasa. Da azumi abin ya ninka. Ranar hutun da aka rubuta, wani gidan a ba ta, wani gidan a ɗauke ta a kai ta gidan uwar matar gida ta yi wani aikin. Akwai gidajen kirki masu tsoron Allah, ba a musun wannan. Amma ba ke za ki zaɓi gidan ba, kuma in kika gaji kika fita, kafili, wato uban gidan da ya ɗauko ki, na iya kai rahoton kin gudu, ki zama marar takarda.

Saboda haka ranar da ejan ya ajiye takarda a gabanki ko a gabanka, kada ka dangwala yatsa don ya ce mota na jira. Ka ce a ba ka ita ka kwana da ita. Takardar da Larabci take, wani lokaci da Turanci a gefe. Garin nan ba a rasa malamin da ya yi karatu a Say ko a Madina ba, kai masa ya karanta maka layi-layi. Ka sa yatsa a kan wurin da aka rubuta sunan aikin, domin wanda aka ce masa direba ne a baki amma takarda ta ce makiyayi, raƙuma zai tarar a tsakiyar sahara. Ka nemi wurin albashi, da riyal nawa ne, da ranar biya. Ka nemi awannin aiki, da ranar hutun mako, da kwanakin hutun shekara, da wanda zai sayi tikiti. Duk abin da ejan ya faɗa da baki amma malam bai gan shi a rubuce ba, ka ɗauka babu shi. Sannan ka ɗauki hoton takardar da na fasfonka a waya, ka buga kwafi biyu, ɗaya ka bar wa wanda ka yarda da shi a gida. Fasfo naka ne, dokar Saudiyya kanta ta hana uban gida riƙe shi ba da yardarka ba. Ɗaukar masu aikin gida ta halal kuwa ta wani dandalin gwamnati take bi mai suna Musaned. Wanda ya ce miki ki shiga da bizar umara daga baya a gyara, ya tura ki inda babu ranar hutu, babu kotun da za ki je.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Sauran maganar tamu ce, mu da muke zaune a gida. Gaskiya ɗaya ce, wani lokaci mu ne muke hana matafiyi hutu. Ya kira waya ya ce yana so ya zo ya yi wata guda, sai a ce masa ka bari sai an gama ginin ɗaki, ka bari sai bayan bikin ƙanwarka, me za ka zo ka yi hannu rabbana. Duk saƙon murya da ya buɗe, buƙata ce: kuɗin magani, kuɗin suna, kuɗin ragon layya. Ba mai tambayarsa ko ya yi barci, ko ciwon bayan nan ya sauka. Yaro ɗan shekara 22 ya dinga ɗaukar siminti kwana bakwai a mako, ya fara haɗiyar ƙwaya don jiki ya ɗauka, ya dawo bayan shekara huɗu da katifa da babur da jikin da ba ya iya riƙe hauya. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai, domin kunyar dawowa da kaɗan ita ce ke tsare da yaranmu da yawa a inda ba sa so.

Addininmu bai bar wannan fage ba. Sananne ne a hadisin Salmanu da Abu Darda'i cewa jikin mutum da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, ko a wajen ibada ba a yarda ya tauye su ba, balle wajen neman kuɗi. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya iyakance watannin da mayaƙi zai yi nesa da matarsa, wasu suka ce huɗu, wasu shida. A mazhabarmu ta Malikiyya, matar da mijinta ya ɓace babu labari tana da hanyar kai kuka gaban alƙali, a yanka mata wa'adin shekara huɗu. Malamanmu da sarakunanmu sun san yawan irin waɗannan ƙararraki da ke zuwa gabansu: amarya da aka bari da cikin wata uku, yaro ya yi wayo ya shiga makaranta bai san ubansa ba sai a hoton waya. Kafin ka tafi, ka zauna da matarka da iyayenka ku yanke lokaci, ku faɗe shi a gaban shaidu. In shekara ce, shekara. In lokacin ya yi abin bai samu ba, ka kira ka faɗi gaskiya, a sake shawara da ita, don rayuwarta ce ita ma ake jinginarwa.

Wanda ke aikin kansa, mai shayi, mai wankin takalma, mai tura baro, shi ne uban gidan kansa, sai ya yi wa kansa adalcin da yake nema a wurin wasu. Tun watan farko ka ware kuɗin komawa gida, ka ajiye su daban, kada ka haɗa da na aike, kada ka taɓa su ko wa ya kira. Ka ɗauki yini ɗaya a mako, ka wanke tufafinka, ka je Juma'a, ka ziyarci 'yan garinku, ka kira gida a yi hira wadda ba ta kuɗi ba. 'Yan gari ɗaya da ke zaune wuri guda, ku yi asusu na rashin lafiya, kowa ya dinga jefa ɗan abin da ya samu, domin ranar da ɗayanku ya faɗo daga kan gini, wannan asusun ne kaɗai hutun jinyar da zai samu.

Mai neman ƙarin bayani kafin ya sa hannu a wata takarda, akwai ofishin sufeton ƙwadago a Damagaram, akwai kuma hukumar samar da aikin yi ta ANPE, ku je ku tambaya ko ejan ɗin da ke nemanku yana da izini. Wanda ya riga ya isa, ya nemi lambar ofishin jakadancin Nijar a Riyad, ko ƙaramin ofishin da ke Jidda, ko na Tamanrasat, ko na Kano, ya rubuta ta a takarda, kada ya dogara da waya kaɗai don ita ake fara karɓewa.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu buɗe layi ga waɗanda suka je suka dawo, maza da mata, su faɗa mana da bakinsu yadda suka karɓo haƙƙinsu ko yadda ya salwanta, ba sai sun ambaci suna ba. Matafiyanmu Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.